Taruwar mugunya a mahaifar karya: tiyata ko magani?

Daga cikin cututtukan da ke kai karnukan gida ɗakin tiyata cikin gaggawa akwai taruwar mugunya a mahaifa, wadda likitocin dabbobi ke kira payometra. Takan kama karyar da ba a cire wa mahaifa ba, musamman wadda ta fara manyanta, galibi cikin wata biyu bayan lokacin neman barbara. A wannan tsakani sinadarin furojestaron yakan kumbura bangon mahaifa, ƙwayoyin cuta irin su E. coli su samu wurin yaɗuwa. Kyanwa ma takan kamu, sai dai ba kamar karya ba.

Idan bakin mahaifa a buɗe yake, mai karyar zai ga ruwa mai wari yana fita. Idan a rufe yake, nan haɗarin ya fi girma: mugunya na taruwa ba a gani, ciki ya kumbura, karyar ta daina ci, ta riƙa amai da yawan shan ruwa da fitsari. Gubar kan shiga jini ta taɓa ƙoda, mahaifar kuma tana iya fashewa.

Maganin da ya fi tabbas shi ne tiyata. Likita kan ɗauki hoton ciki ya gwada jini, ya yi wa dabbar ƙarin ruwa, sannan ya cire mahaifa da jakar ƙwai gaba ɗaya. Karyar ba za ta sake haihuwa ba.

Akwai hanyar da ba ta buƙatar wuƙa: allurar aglepristone, wadda ke toshe aikin furojestaron, ko furostagilandin mai sa mahaifa ta matse ta fitar da mugunyar, a haɗa da maganin ƙwayoyin cuta. Amma an fi yin ta ga karya mai ƙuruciya da ake son irinta, wadda ƙodarta ke lafiya kuma cutar ba ta galabaitar da ita ba. Takan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma cutar kan dawo, shi ya sa ake ba da shawarar a yi mata barbara a zagaye na gaba. Maganin ƙwayoyin cuta shi kaɗai, wanda wasu ke saya a shago, ba ya kwashe mugunyar, lokaci kawai yake cinyewa. Allurar hana ɗaukar ciki mai sinadarin furojestin ma tana ƙara haɗarin kamuwa.

A Najeriya, asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a jami'o'in Zariya, Ibadan, Nsukka, Sakkwato da Maiduguri na daga cikin wuraren da ake kai irin waɗannan dabbobi.