Daga Gero zuwa Burodi: Yadda Akushin Galadi Ya Sauya

A shekarar 1929 layin dogo ya iso Ƙaura Namoda daga Zariya. An shimfiɗa shi ne domin kwasar gyaɗa da auduga zuwa gaɓar teku, kuma ta wannan hanya kayan kanti irin su sukari suka riƙa shigowa ƙasar Zamfara. Duk da haka, gero da dawa da maiwa suka ci gaba da riƙe gida a Zurmi da Shinkafi. Tuwo da dare, fura da rana, sai wake da miyar kuka ko kuɓewa, ga kuma noma da tafiyar ƙasa masu ƙone abin da aka ci.

Babban sauyin ya zo ne a shekarun 1970. Fari ya tauye amfanin gona, kuɗin man fetur kuma ya sauƙaƙa shigo da alkama da farar shinkafa daga waje. Burodi da shayi suka zama karin kumallon ma'aikaci, injin niƙa ya kori dutse, gari ya ƙara laushi.

Masana ba su sami mizanin auna irin wannan sauyi ba sai a 1981, lokacin da David Jenkins na Jami'ar Toronto ya fito da ma'aunin saurin da abinci ke ɗaga sukarin jini. A 1997 masu bincike a Harvard suka haɗa saurin da yawan abin da mutum ya ci, suka kira shi nauyin sukarin abinci. A 2000, nazarinsu kan mata ma'aikatan jinya fiye da 75,000 a Amurka ya nuna cewa masu cin abinci mai wannan nauyi sun fi kamuwa da ciwon zuciya, musamman masu ƙiba. Dalilin shi ne, yawan hauhawar sukari na tilasta wa jiki fitar da insulin da yawa, kitsen jini ya ƙaru. Game da rage ƙiba kuwa, gwaje-gwaje sun nuna tasirin kaɗan ne muddin ba a rage yawan abincin ba.

Saboda haka gero ba laya ba ne. Kunun da aka tace aka zuba masa sukari yana iya ɗaga sukarin jini kusan kamar burodi. Abin da ya kare mutanen da shi ne hatsin da bai rabu da dusarsa gaba ɗaya ba, da wake, da ganye, da aikin ƙarfi.

A yau rashin tsaro ya raba manoma da dama na Zurmi da Shinkafi da gonakinsu, ya mayar da su masu sayen abinci a gari, inda taliya da burodi suka fi sauƙin samu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2023 a matsayin shekarar gero, a daidai lokacin da masu noma shi a Galadi ke neman hanyar komawa gona.