Kurkunu, Kwalara da Dalma: Darasin Tarihi ga Mai Rijiya a Zamfara

Ya kai mai karatu, idan kana da rijiya a tsakar gidanka, ko kana ɗebo ruwa a famfon tuƙa-tuƙa na unguwa, a Damri kake ko Bakura ko Talata Mafara ko Maradun, akwai tambayar da ya kamata ka amsa kafin ka sayi abin tace ruwa: wace cuta kake gudu? Tarihin jihar nan ya nuna mana masifu uku, kuma maganin da ya kawar da ɗaya bai isa ya kawar da sauran ba.

Ta farko ita ce kurkunu. Dattawa ba su manta da yadda yake kwantar da manomi da kumburarriyar ƙafa ana tsakiyar aikin gona ba. Ƙidayar da aka yi tsakanin 1988 da 1989 ta gano masu ɗauke da shi sama da 650,000 a Nijeriya, Zamfara kuwa tana cikin yankunan da suka sha fama. 'Ya'yan tsutsar suna zaune ne a cikin wasu ƙananan halittu na ruwan tafki, waɗanda ƙyalle mai ƙananan idanu yake iya tarewa. Da ƙyallen tacewa, da maganin da ake zuba wa tafkuna, da haƙa rijiyoyin burtsatse, tare da ƙoƙarin Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon, aka ga bayansa. An samu mai cutar na ƙarshe a 2008, sannan a Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ƙasar ta rabu da shi.

Sai dai wanda ya ɗauka daga nan cewa duk ruwan da aka tace ya yi garau lafiyayye ne, kwalara za ta ƙaryata shi. Ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, ba ta kuma daina dawowa ba. A 2021 an lissafa mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,600 suka rasu, Zamfara tana sahun gaba tare da Bauchi da Jigawa da Kano. Ƙwayar cutar ido ba ya ganinta, ba ta sauya ɗanɗanon ruwa, ƙyalle kuma ba ya tare ta duka.

Ta ina take shiga rijiya? Amsar ta fito tun 1854 a birnin Landan, inda wani likita, John Snow, ya bi diddigin mamata har ya gano cewa daga famfo ɗaya yawancinsu suke sha. Ya sa aka cire mariƙin famfon. Daga baya aka gano ramin ƙazanta yana yoyo dab da rijiyar. Famfon lafiyarsa ƙalau. Ƙasar da ke kewaye da shi ce ta gurɓace. Wannan ya shafe ka ƙwarai, domin a fadamun gulbin Sakkwato, inda aka kammala madatsar Bakolori a 1978, ruwan ƙasa yana kusa, da damina kuma malale yakan haɗa salga da rijiya.

Ta uku ita ce gubar dalma. A 2010 ƙungiyar Likitocin Na-gari Na-kowa ta ankarar da duniya game da mace-macen yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙura ce babbar hanyar gubar, amma an same ta har a tafkuna da wasu rijiyoyi. Dalma ba ta jin tafasa, ba ta jin kulorin. Ruwan da ta shiga, sauya wurin ɗiba shi ne mafita.

To, ruwa ba ya tsami banza. Idan gudawa ta yawaita a gidanka, fara bincike daga bakin rijiya kafin ka zargi na'ura. Auna tsakaninta da salga da turken dabbobi. Abin da ake so shi ne kamar mita 30. Duba daɓen siminti ko ya tsage, da murfi ko yana rufuwa, da guga ko a ƙasa ake yar da shi. Rijiyar da ambaliya ta shiga, a yashe ta, a wanke ta da kulorin mai ƙarfi, a kwashe ruwan har warin ya ragu, sannan a kai shi gwaji. Ƙa'ida ita ce kada a samu ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a cikin mililita 100.

Sannan ka koma kan kayan aiki. Kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. A fara kwantar da shi da alif, a tsiyaye, a sa maganin bisa ma'aunin da aka rubuta, a jira minti 30. Tukunyar tacewa da ta tsage ba ta da sauran amfani. Fitilar da ke kashe ƙwayoyin cuta da haske ba ta komai idan an ɗauke wuta, ƙwanta kuma yana buƙatar sauyi kamar duk shekara ko da yana ci. Bayan duk wannan, moɗa mai datti guda ɗaya a cikin randa tana iya mai da aikin baya.

Magabatanmu sun kori kurkunu ne saboda sun gane hanyarsa suka toshe ta. Kai ma, kafin damina ta sauka, zagaya rijiyarka da idon basira, ka gyara abin da ya lalace. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.