Guntun Renesas da shekarun da ya sha kafin ya shiga Linux

Waɗanda suka fara aikin direbobin USB na Linux a ƙarshen shekarun 1990 sun iske gida a rabe. USB ya fito a 1996, amma guntun da ke sarrafa shi a cikin kwamfuta iri biyu ne: UHCI na Intel da VIA, sai OHCI na Compaq da Microsoft. Kowanne sai da nasa direba. A 1999 Linus Torvalds da kansa ya sake rubuta sashen USB na zuciyar Linux. Da USB 2.0 ya zo aka ƙara EHCI, David Brownell ya ɗauki nauyin direbansa.

xHCI ne ya zo da alkawarin direba ɗaya ga kowa. Direbansa na Linux aikin Sage Sharp ne a Intel, ya shiga Linux 2.6.31 a 2009, kuma Linux ya riga kowane tsarin aiki karɓar USB 3.0; Windows bai zo da nasa a ciki ba sai a Windows 8, 2012. Guntun USB 3.0 na farko da ya shiga kasuwa shi ne µPD720200 na sashen NEC da ya koma Renesas a 2010.

Sai dai ƙa'ida daban, guntu daban. Duk wanda ya buɗe xhci-pci.c zai ga dogon jerin togaciya: wannan guntun na Etron sai an sake tada shi bayan kwamfuta ta farka daga barci, wancan na Fresco Logic ba a yarda da saƙon katsewarsa. Kowane layi a wurin, wani ne ya kwana yana karanta dmesg. A ganina nan ne ainihin aikin yake, ba a rubuta direban farko ba.

Wanda ya fi ba mu wahala shi ne µPD720201 na Renesas da ɗan'uwansa 720202. Guntun yana buƙatar ƙaramar manhajarsa kafin ya motsa. Masu ƙera kati na kirki sukan sa masa ma'ajiyar da zai ɗauke ta. Masu rage kuɗi kuwa su cire. To, lspci zai nuna maka shi sarai, ka cusa filashi, shiru kake ji. Christian Lamparter ya rubuta facin da ke loda manhajar duk lokacin da aka kunna na'ura, ya daɗe yana zaune a OpenWrt don rauta irin Netgear WNDR4700. Sai da Vinod Koul ya bi shi, gyara bayan gyara, kafin ya shiga Linux 5.8 a 2020.

Ko a nan da saura. Direban a buɗe yake, manhajar guntun kuwa a rufe, lasisinta bai ba da damar raba ta hannu sake ba, shi ya sa mutane suka riƙa ciro ta daga direban Windows. Idan katinka irin wannan ne, ka tabbata fayil ɗin renesas_usb_fw.mem yana cikin /lib/firmware kafin ka zargi kebul.