Daga Peugeot 504 Zuwa Motar Tsere: Yadda Ɗaurin Inji Ya Faɗi Ya Tashi a Kaduna

Duk wanda ya bi titin Nnamdi Azikiwe, baifas ɗin da ya zagaye Kaduna ta yamma, ya ratsa Kabala West da Unguwar Mu'azu da Kinkinau har zuwa Kurmin Mashi, ba zai rasa ganin garejin kanikawa a gefen hanya ba. Rumfar kwano ce, ƙasarta ta rine da baƙin mai, ga ƙarafa uku a kafe da sarƙa tana reto don sauke inji. A irin waɗannan rumfuna na koyi aiki a Kinkinau, a cikinsu kuma furfura ta same ni. Ga mai wucewa, duk kanikanci ɗaya ne. A cikin gida kuwa mun san akwai mai canja filogi da birki, akwai kuma mai kwance inji har ƙusar ƙarshe ya mayar da shi ya tashi. Tarihin wannan na biyun nake son bayarwa, domin ya kusa ɓacewa, sai ga shi samari masu tseren mota sun zo suna nemansa ido rufe.

Iyayen gidanmu na farko ba a bakin titi suka koyi sana'ar ba. Wasu daga reluwe suka fito, wasu daga ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, wasu daga garejin kamfanonin da ke sayar da motoci irin su SCOA da UTC da Leventis. Akwai kuma waɗanda suka ratsa makarantar koyon fasaha da aka buɗe a Kaduna a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968. Abu biyu suka fito da shi daga can: littafin inji da kayan awo. Maigidan da ya yaye ni bai iya dogon Turanci ba, amma ya san adadin ƙarfin da za a ɗaure kowace ƙusar top, wato murfin kan inji, da shi, da wadda za a fara da wadda za a ƙare. Yaron da ya taɓa fistin da hannu mai yashi, ranar sai ya gwammace kiɗa da karatu.

Abin da ya mayar da Kaduna cibiyar wannan aiki shi ne kamfanin Peugeot na Kakuri, can ƙetaren kogi. An kafa shi a 1972, ya fara harhaɗa motoci a 1975, zamanin Janar Yakubu Gowon. A shekarun nan ne aka raba wa garuruwa masana'antun mota: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu. Rabon Kaduna ya fi na kowa albarka, domin 504 ta zama motar gwamnati, ta zama motar ɗan kasuwa, wagon ɗinta ta zama motar haya, a-kori-kurarta kuma ta zama motar manomi. Tun da mota iri ɗaya ce ta cika gari, kayan gyaranta ma suka cika kasuwa. A lokacin, a kasuwar Oriyafata ko Panteka, babu abin 504 da za ka nema ka rasa.

Injin nata ma kamar don kanikawa aka ƙera shi. Silinda huɗu ne, a kishingiɗe gefe guda, na lita biyu mai kafireta bai kai ƙarfin doki 100 ba. Gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce, top ɗinsa na alminiyam. Babban sirrinsa shi ne silibi: bututun da fistin ke kai-komo a ciki ba a haɗe yake da gangar jikin ba, zare shi ake yi a sa sabo. Idan inji ya fara hayaƙi yana shan mai, sai a sayo saitin fistin da silibi da ringi, a zuba, inji ya koma kamar jiya aka fito da shi daga Kakuri. Amma akwai sharaɗi. Dole kan kowane silibi ya ɗan ɗara fuskar gangar jikin da wani ɗan ƙanƙanin awo, kuma da siraran gaskit masu kauri daban-daban ake daidaita shi daga ƙasa. Wanda ya yi ganganci a nan, ba a mako biyu ruwan lagireto zai gauraye da baƙin mai.

Haka aikin yake tun daga farko har ƙarshe. A sauke inji, a kwance, a wanke da kananzir, a jera kayan kowace silinda daban don kada su cakuɗe. A kai karanshaf wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su auna. Idan ya ci, a yi masa gurandin a rage kwata na milimita, wato abin da muke kira ten, sai a nemo metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, mai kaurin da ya dace da shi. In ya sake ci bayan shekaru, a koma twanti, daga nan tati. Da yawa daga cikin gwanayen sassaƙa ƙarfen nan a masaƙun Kakuri suka goge, irin su Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957. Da masaƙun suka durƙushe, wasunsu suka buɗe shaguna, mu kuma muka ci moriyar hannunsu. Bawul kuwa da hannu ake murza shi a mazauninsa da man gurzawa har sai ya zauna daram. Bayan an ɗaure, a ja wa mai mota kunne: kada ya taka ta da ƙarfi sai ta yi tafiya mai ɗan tsawo, sannan ya dawo a canja mai a sake duba ƙusoshin top.

Kada wani ya ɗauka son gudu sabon abu ne. Direbobin wagon na hanyar Kano da Jos da Sakkwato su ne 'yan tserenmu na farko, don wanda ya riga isa tasha shi ke riga samun lodi. Su ne ke zuwa su ce a sa musu kafireta mai maƙogwaro biyu, a buɗa jet, a ɗan matsar da taimin gaba, a ɗan sassaƙe fuskar top don matsi ya ƙaru. Kuma suna da abin tinƙaho. Peugeot 404 ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka sau huɗu a shekarun 1960, 504 kuma ta lashe ta a 1975 da 1978. A nan gida ma akwai tseren motocin da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu. Sai dai ko a lokacin, dattawan gareji suna da iyaka. In direba ya matsa a ƙara sassaƙe top, sai maigida ya ce masa, "Malam, fetur ɗin da kake sha ba zai ɗauki wannan matsin ba. In kana son fistin ɗinka, tsaya nan."

Shekarar 1986 ce ta juya al'amura. Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Janar Babangida ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai ƙofar 'yan Beljiyam ta buɗe, motoci na hannu suka riƙa kwararowa ta Kwatano da Legas: Golf, Vectra, Honda, Toyota, Marsandi. Tare da su aka riƙa shigo da injuna na hannu a kwantena. Lissafin mai mota ya canja. Me zai sa ya ajiye motarsa mako guda ana awo da gurandin, alhali zai iya sayen inji ɗan Beljiyam da safe a ɗora masa kafin magariba? Ga kuma jabun kaya da suka cika kasuwa, ringin da ba ya wata uku, metal ɗin da kwalinsa kawai ke da kyau. Bakanike ya yi aiki tsakani da Allah, kayan su ci amanarsa, zagin ya faɗo kansa. A hankali masu ɗaurin inji suka koma masu ɗora inji. Aka yaye yara da yawa waɗanda ba su taɓa riƙe ma'aunin karanshaf ba. Da aka daina harhaɗa 504 a Kakuri wajen 2006, zamanin ya riga ya wuce.

Sai kuma injin kansa ya canja hali. Injekta ta kori kafireta, kwamfutar mota ta karɓe aikin da kunnen bakanike ke yi. Wanda ya saba saita inji da sukundireba da sauraro, sai ya ga yaro ɗan rewaya ya soka na'ura a ƙarƙashin sitiyari yana karanta laifin mota. Wasu dattawan suka yi fushi suka tsaya a kan tsofaffin motoci, wasu muka sauke girman kai muka koya.

Ana cikin haka samarin wasan mota suka ɓullo. Sun taso da finafinan Fast and Furious, wanda na farkonsu ya fito a 2001, sannan wayar hannu ta kawo musu bidiyon tsere daga ko'ina. Motarsu ita ce tsohuwar BMW, E36 ko E46, don ƙafar baya ke ja, tana saurin juya gindi. Masu ƙarin kuɗi suna neman injin Toyota 2JZ mai silinda shida, wanda ke cikin Supra da wasu Lexus, saboda gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe tana jure tobo. Yaro zai shigo gareji ya ce, "Baba, so nake in na taka ta tashi sama." Ka tambaye shi me ya yi wa motar, ya ce ya yanke salansa. Ƙara ya saya, bai sayi gudu ba.

Da na zauna na bi asalin wasan tseren mota a kan miƙaƙƙiyar hanya, sai na tarar da abin da iyayen gidanmu suka koya mana ne, an kai shi maƙura. A Amurka aka fara shi a kan tituna da busassun tafkuna na Kalifoniya. An buɗe filin tsere na Santa Ana a 1950, sannan Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a janye samari daga titi. Tazarar kwata mil ce, kimanin mita 402. Bayan rasuwar direba Scott Kalitta a 2008 aka rage wa manyan motocin zuwa ƙafa 1,000. Mafi ƙarfinsu, ajin Top Fuel, suna cinye wannan tazara cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, da gudun da ya haura kilomita 500 a awa. Injinsu mai silinda takwas ne, lita takwas da 'yan kai, tsarinsa ya samo asali daga Chrysler Hemi na 1964. Ba fetur yake sha ba, wani mai ne da ake kira naitiromitan, kuma ana ƙiyasta ƙarfinsa da doki 11,000. Ba shi da lagireto, filogi biyu ke kan kowace silinda. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, duk gudu ɗaya sai an kwance injin: a cire top, a zare fistin da silibi, a duba metal, a mayar, a tayar, duk cikin kimanin awa guda. Silibin da ake zarewa ɗin nan, shi ne dai dabarar da muka sani a 504.

Saboda haka in yaro ya kawo inji ya ce a ɗaure masa don tsere, daga awo muke farawa. Injin da za a sa wa tobo yana ɗaukar zafi fiye da na gida, don haka sai an ƙara buɗa bakin ringi da fayil, in ba haka ba ƙarfen ya kumbura, bakin ya haɗe, ya fasa kan fistin. Tsakanin metal da karanshaf akwai ratar da mai ke bi, ba ta kai kaurin gashi ba. In ta matse inji ya buga, in ta yi yawa ƙarfin mai ya faɗi. Fistin da sandunansu sai an ɗora su a sikeli nauyinsu ya zo ɗaya. Ƙusoshin top da na sanda sababbi ake sawa, a ɗaure da sifana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba. Matsi kuwa dole a rage shi, don fetur ɗin gidan mai ba ya jure abin da man tsere ke jurewa. Bayan duk wannan sai an sami wanda ya iya saita kwamfuta ta ba da man da ya dace da ƙarin iskar. Wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, sandar fistin za ta huda gangar inji ta leƙo waje, mun sha gani.

Ba 'yan tsere kaɗai suka dawo da mu kan wannan aiki ba. An hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga farkon 2017, sannan a 2023 aka cire tallafin mai aka saki naira. Inji ɗan Beljiyam ya yi tsadar da mai Golf ɗin haya ba zai iya ba. Yanzu mutanen da suka ce ɗaurin inji ɓata lokaci ne su ne ke tambayar wa ya iya gurandin mai kyau. Matsalar ita ce hannuwan sun yi ƙaranci, masu injin sassaƙa ƙarfe na ƙwarai sun tsufa, kuma yaran da ke shigowa gareji sun fi son abin da za a gama yau a biya yau.

Abu biyu nake ganin sana'ar ke buƙata. Na ɗaya, ƙungiyarmu ta kanikawa, NATA, da makarantun fasaha su sa awo cikin sharaɗin yaye yaro: wanda bai iya karanta ma'auni ba, kada a ba shi takarda. Na biyu, a samar wa samarin nan fili killatacce, da agogo da motar asibiti. Baifas hanyar tirela ce da 'yan makaranta da masu Keke Napep, kuma duk bakaniken da ya ɗaure inji mai ƙarfi ya san cewa in aka gwada shi a can aka yi ɓarna, da hannunsa a ciki. Janye samari daga titi shi ne abin da Wally Parks ya yi a 1951, kuma bai fi ƙarfin Kaduna ba.