Milimita Ɗaya a Kan Injin Fijo

Kafin Golf da Sharon su cika tashoshi, Fijo 504 ce ke riƙe da hanyoyin da suka haɗa Makarfi da Ikara da Hunƙuyi da birnin Zariya. Wagon ɗinta ta yi jigilar 'yan kasuwa, akori-kurarta ta kwashi rake da mazarƙwaila da kwandunan tumatir. A 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma bai daina fitar da 504 ba sai a 2006, shekaru da dama bayan Faransa ta rabu da ita. Motar da ta daɗe haka tana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, ba makawa a sauke injinta sau biyu ko uku. Duk sanda aka sauke shi, akwai shawarar da bakanike ke yankewa, sau da yawa ba tare da ya san ya yanke ta ba: yawan matsin da fistin zai yi wa fetur da iska kafin filogi ya ba da wuta.

Lissafin ba shi da wuya. Ana kwatanta faɗin cikin silinda sanda fistin ke ƙasa da ɗan sararin da ya rage in ya hau sama. Injin 504 mai cc 1,971 na da silinda huɗu, kowace na zuƙar kimanin cc 493. In sararin sama cc 63 ne, matsin ya kama 8.8 zuwa 1. To, kan injin na alminiyam ne. Da zarar lagireto ya bushe a zafin Afrilu sai ya lanƙwashe, a kai shi a share a daidaita. Sharar da ta kai milimita ɗaya na iya cinye kusan cc 5, matsin ya haura zuwa 9.5. Direba zai ji motar ta ƙara kuzari, ya sa wa bakanike albarka. Sai an yi lodi an kama hawa, sannan a fara jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani: ragowar man na fashewa da kansa kafin harshen wuta ya iso gare shi. Wannan ba shi ne “nokin” da direbobi ke faɗa in inji ya ƙame ba, amma hanya ce ta zuwa can, don yana cin kan fistin, yana ƙona gaskit.

Wannan ƙarar ta girmi Fijo. Ita ta tsare motocin farko, irin su Ford Model T, a matsin da bai wuce 4 ko 4.5 ba. A 1921 Thomas Midgley na kamfanin General Motors a Amurka ya gano cewa ɗan sinadarin dalma a cikin fetur na kashe ta. Aka samu injuna masu ƙarfi, aka kuma shafe shekaru tamanin ana shaƙar guba. Da irin wannan man 504 ta yi ƙuruciyarta, har da na matatar Kaduna da aka buɗe a 1980. Bayan yarjejeniyar Dakar ta 2001, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina amfani da shi zuwa farkon 2006.

Abin da ya fi wahalar da bakaniken karkara shi ne bai san man da motar za ta sha ba. A shekarun layin mai na zamanin Abacha, abin da ke cikin galan ɗin 'yan bumburutu na iya zama gauraye da kananzir, wanda ba ya jure matsi ko kaɗan. Shi ya sa gogaggu suka fi karkata ga gaskit mai kauri, ko su ja lokacin wuta baya kaɗan a distiributa, su haƙura da ɗan gudu. Shawarar ta yi daidai da zamaninta, ko da yake tana ƙara shan mai.

Cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya juya lissafin. Iskar gas ta CNG da ake mayar da motocin haya kanta na jure matsi fiye da fetur nesa ba kusa ba, don haka injin da aka rage wa matsi saboda tsoron gurɓataccen mai shi ne yanzu zai fi yin sanyin jiki a kan gas.