Turakar Malam

A gidan kakana da ke cikin birnin Zariya akwai wani ɗaki da mu yara ko leƙawa ba ma yi. In ka wuce zaure ka ratsa shigifa, kafin ka faɗa tsakar gida yana nan ta hannun dama, ginin ƙasa mai rufin azara. Turaka ke nan. Sai da na yi aure na gane ashe duk soyayyar gidan nan a cikinta take kwana.

A tsakar gida kuwa ko alamarta ba ka gani. Shekarata goma sha biyu a hannun kakata, Iya, ban taɓa jin ta kama sunan mijinta ba. "Malam" take cewa, in da baƙi kuma sai "shi". Tabarma ɗaya ba ta haɗa su, balle hannu ya taɓa hannu. Baƙon da bai san Hausawa ba sai ya ɗauka gaba suke yi.

Su uku ne matan, kwana bibbiyu suke yi, mai girki ita ce da turaka. Idan amarya ta shigo sai a ba ta kwana bakwai in budurwa ce, uku in bazawara ce, kamar yadda malaman Malikiyya suka karantar. Miji ya kuskura ya zaga wurin wadda ba ranarta ba, ya yi satar kwana, kuma a kan wannan mata da yawa sun yi yaji.

Ranar girkin Iya ni ce 'yar aikenta. Bayan Isha'i takan yi wanka, ta sa in ɗebo garwashi a kasko, ta barbaɗa turaren wuta irin na Barno, ta tsaya a kai da zanenta har hayaƙin ya ratsa shi. Ta shafa humra a wuya, ta ja kwalli, jigida na ɗan motsi a ƙugu. Sai ta miƙa ni ɗakin kishiyarta, ta ɗauki akushi da fitilar ƙwai, ta ce wai za ta kai wa Malam ruwa. Wane ruwa ne ake kaiwa har asuba? Wata rana da zafi labule ya ɗaga, na hango ta tana masa fifita da mafici, shi kuma ya ɗora ƙafafunta a cinya yana matsa mata. Mutumin da ko gaisuwarta da "madalla" kaɗai yake amsawa!

Abin da ya fara cinye turaka, a ganina, ɗaki da falo ne na gidan haya, inda miji da mata da 'ya'ya ke raba bango ɗaya. Daga shekarun 1980 kuma littattafan soyayya na Kano, irin na su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, suka fito da hirar ma'aurata fili. Taɓa jiki dai bai fito fili ba: a 2016 ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau daga harkar fim saboda rungumar mawaƙi ClassiQ a wani bidiyo.

Da Malam ya rasu, Iya ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma. Ranar rabon gado aka tambaye ta ko tana son wani abu daga turaka. Ta sunkuyar da kai, ta ce a ba ta tsohon bargonsa, wai ɗakinta sanyi gare shi.