Kaifin Wuƙa a Kan Zuciya

A shekarar 665, Sarki Gaozong na daular Tang yana kan hanyarsa ta zuwa Dutsen Tai domin bikin hadaya, sai ya ya da zango a gidan wani dattijo mai suna Zhang Gongyi. Gidan ya shahara saboda zuriya tara sun zauna a cikinsa ba tare da sun raba tukunya ba. Sarki ya tambayi sirrin wannan zama. Dattijon ya nemi takarda, ya rubuta harafi guda fiye da sau ɗari: 忍, wanda ake furtawa "ren". Tsohon kundin tarihin Tang ya ruwaito cewa sarki ya zubar da hawaye, ya ba shi kyautar siliki.

Wannan harafi sassa biyu ne. A sama akwai 刃, kaifin wuƙa, a ƙasa kuma 心, zuciya. Sinawa kan ce hoton kansa ya bayyana ma'anar: a ɗora wa zuciya wuƙa amma ta ƙi motsi. Sai dai ƙamus ɗin Shuowen Jiezi, wanda Xu Shen ya kammala wajen shekarar 100, ya nuna cewa an sa wuƙar ce domin sauti, tunda ita ma "ren" ake kiranta.

A nan mai koyon Sinanci yakan yi tuntuɓe. Hausa tana amfani da "haƙuri" ga mai jiran layi da kuma wanda aka zalunta. Sinanci ya raba su. Haƙurin malami da ɗalibinsa, ko na mai jiran mota, shi ne 耐心, "naixin", kuma yabo ne a ce mutum yana da shi. "Ren" kuwa daurewa ce a kan ciwo, cin mutunci ko fushi. Har ma tana cikin 残忍, "canren", wato rashin imani, domin zuciyar da ta iya daure nata ciwon tana iya daure kallon na wani.

Saboda haka amsar Zhang ta fi ƙarfin nasiha. Shaida ce cewa zaman babban gida yana da farashi, kuma kullum akwai masu haɗiye ɓacin ransu domin ya ɗore. Har yau wasu iyalan Zhang suna kiran zauren kakanninsu "Zauren Haƙuri Ɗari".